Tarihin WrestleMania: wa ke naɗa zakara, kamfani ko 'yan kallo?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, yaushe aka fara WrestleMania, wa ya ƙirƙiro ta? Kuma tunda an ce tun kafin a hau dandamali an riga an san wanda zai ci, wane tarihi ne za a ce tana da shi?"

Ɗan'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan maganar take. Gaskiya ne, a resilin ana tsara wanda zai yi nasara. Kamfanin da ke shirya WrestleMania, WWE (a lokacin WWF), da kansa ya faɗi haka a gaban majalisar jihar New Jersey a 1989, lokacin da yake neman a cire shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan dambe. Saboda haka kada ka auna shi da ma'aunin kokawar gargajiya. A gasar takobi ta Nijar, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne ya ci, ba mai iya shirya masa. Kambun resilin kuwa ya fi kama da rawani: ba da shi ake yi. Masu kamfani su zauna su zaɓi mutumin da suke ganin zai iya ɗaukar nauyin gidan, ya cika filin wasa, ya sayar da tikiti da riguna. WrestleMania ita ce ranar naɗi. Amma duk wanda ya san sarauta ya san naɗa rawani daban, samun mubaya'ar jama'a daban. Tarihin WrestleMania, a iya bin da na yi mata tun zamanin kaset ɗin bidiyo, tarihin wannan ja-in-ja ne tsakanin masu naɗi da masu mubaya'a.

Kafin 1980, resilin a Amurka a rarrabe yake kamar gundumomi. Kowane mai shirya wasa da yankinsa da tashar talabijin ɗinsa, kuma yawancinsu suna cikin wata ƙungiya mai suna NWA da aka kafa a 1948. Dokar da ba a rubuta ba ita ce kada ka shiga gonar wani. Yankin arewa maso gabas, wato New York da kewaye, yana hannun Vincent J. McMahon. A 1982 ɗansa, Vince McMahon, ya sayi kamfanin daga hannun mahaifin, ya kuma yi watsi da waccan doka. Ya riƙa sayen lokacin talabijin a garuruwan wasu, yana janye 'yan wasansu da kuɗi. Babban kamun da ya yi shi ne Hulk Hogan, wanda ya ɗauko daga kamfanin AWA na Minnesota, ya ɗora masa kambu a ranar 23 ga Janairun 1984 bayan ya doke Iron Sheik a Madison Square Garden.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: ba McMahon ne ya fara tunanin babban wasa guda na shekara ba. A Nuwamban 1983 kamfanin Jim Crockett ya yi Starrcade a Greensboro, inda Ric Flair ya karɓe kambun NWA daga Harley Race a cikin keji, aka kuma nuna wasan a manyan alluna a wasu garuruwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi shi ne Dusty Rhodes. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa bayan shekara arba'in.

Abin da McMahon ya ƙara shi ne ya fito da resilin daga cikin masu resilin. Ya haɗa kai da tashar MTV da mawaƙiya Cyndi Lauper, ya jawo ɗan fim Mr. T. Ranar 31 ga Maris 1985 aka yi WrestleMania ta farko a Madison Square Garden, a gaban mutum dubu 19 da 'yan kai. Mai sanarwa na kamfanin, Howard Finkel, shi ake danganta wa raɗin sunan. Babban wasan dare na biyu-biyu ne: Hogan da Mr. T a gefe ɗaya, Roddy Piper da Paul Orndorff a ɗayan, Muhammad Ali kuma yana matsayin alƙali na musamman. Lura da wannan, kambun duniya ma ba a sa shi a kasuwa ba a daren. Waɗanda ba su samu shiga ba sun biya kuɗi sun kalla a manyan alluna a dakunan taro, kusan yadda muke yi a gidajen kallo. McMahon da iyalinsa sun sha faɗin cewa da wasan ya faɗi da kamfanin ya tafi tare da shi. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai aka mayar da shi na shekara-shekara. Ta biyu, a 1986, an raba ta birane uku a dare ɗaya, New York da Chicago da Los Angeles, abin bai yi armashi ba, ba a kuma sake gwadawa ba.

Ta uku ce ta kafa sunan. Ranar 29 ga Maris 1987, a filin Silverdome na Pontiac a jihar Michigan, Hogan ya fuskanci André the Giant, Bafaranshe mai girman da ya wuce misali saboda wata larura ta jiki da ke sa ƙashi ya ci gaba da girma. Kamfanin ya ce André ya shekara 15 ba a doke shi ba, kuma ba a taɓa ɗaga shi ba. Duka biyun ƙawata labari ne, domin Hogan kansa ya taɓa ɗaga shi tun 1980. Amma abin da ke gaskiya ya fi ƙaryar nauyi. André a lokacin bayansa ya lalace, da ƙyar yake tafiya, kuma shi ne mutumin da duk 'yan wasa ke girmamawa a bayan fage. Da bai ga dama ba, babu mai iya ɗaga shi. Ya yarda aka ciccibe shi aka maka da ƙasa, ya kwanta aka ƙirga masa uku. Wannan murabus ne na tsohon sarki a gaban jama'a, ya miƙa sanda da hannunsa. Ya rasu a Janairun 1993. Kamfanin ya sanar da 'yan kallo 93,173, masu bin diddigi kamar Dave Meltzer kuma suka ce adadin ya fi kusa da dubu 78. Ko da wanne ka ɗauka, ba a saba ganin irin wannan taro don resilin ba a Amurka. A daren dai, wasan da 'yan wasa suka riƙa koyi da shi daga baya shi ne na Randy Savage da Ricky Steamboat, wanda ya nuna cewa marasa ƙaton jiki ma za su iya sace zuciyar fili.

Shekarun da suka biyo baya na neman magajin Hogan ne. An ba Savage a 1988 ta hanyar gasar mutum 14 a Atlantic City, Hogan ya karɓe a 1989. An ba Ultimate Warrior a Toronto a 1990, kasuwa ba ta ɗauke shi yadda aka zata ba. A 1991 aka yi abin da har yau nake ganin bai dace ba: ana cikin yaƙin Tekun Fasha, mutane na mutuwa, aka mayar da Sgt. Slaughter mai goyon bayan Iraƙi don a sayar da tikiti da zafin kishin ƙasa. An shirya yin wasan a babban filin Coliseum na Los Angeles, aka koma ƙaramin ɗaki. Kamfanin ya ce matsalar tsaro ce, masana da dama suka ce tikiti ne bai sayu ba. Daga 1993 aka kafa al'adar da ta ba WrestleMania ƙashin bayanta har yau, wato wanda ya ci Royal Rumble a farkon shekara, wasan da ake ta jefa juna waje ta saman igiya har a bar mutum ɗaya, shi ne zai nemi kambu. Ba'amurken Samowa Yokozuna ne ya fara cin wannan gajiyar.

Sai shari'ar ƙwayoyin ƙara ƙarfi ta taso. Gwamnatin Amurka ta gurfanar da McMahon, kotu ta wanke shi a 1994, amma zamanin ƙattai masu kumburarren jiki ya ja baya, Hogan kuma ya koma kamfanin hamayya na WCW. Dole ta sa aka juya ga Bret Hart da Shawn Michaels. Kuɗi ya ragu, wasa ya ƙaru. WrestleMania ta goma a 1994 ta kawo karawar Bret da ƙanensa Owen, da wasan tsani na Michaels da Razor Ramon. A 1996 Bret da Michaels suka yi awa guda cur babu wanda ya ci, sai da aka ƙara lokaci.

Idan ka ce in zaɓa maka wasa guda da zai amsa tambayarka, na 1997 zan ba ka, a Chicago, tsakanin Bret Hart da Steve Austin. Babu kambu a ciki. Ƙa'idar ita ce sai wani ya ce ya sallama. Bret ya shiga a matsayin akta, Austin a matsayin bos, amma watanni kafin nan jama'a sun fara yi wa Austin tafi duk da rashin mutuncin da ake sa shi yi. A ƙarshe Bret ya murɗe masa ƙafafu, jini yana kwarara daga goshin Austin har cikin haƙoransa, ya yi yunƙuri ya kasa, ya ƙi sallamawa, har ya sume. Alƙalin wasa Ken Shamrock ya tsayar. Bret ya koma yana dukan wanda ke kwance. Cikin minti ashirin da 'yan kai akta ya koma bos, bos ya koma akta, kuma fili ya bi su. An tsara shi, babu shakka. Amma an tsara shi ne saboda kamfani ya saurari abin da 'yan kallo ke faɗa, kuma da mutanen biyu ba gwanaye ba ne da shirin ya wargaje a hannunsu. Shekara guda bayan nan, a Boston, aka naɗa Austin, Mike Tyson ne ya ƙirga ukun. Makonni biyu da haka shirin talabijin na mako-mako na kamfanin, Raw, ya doke na WCW a yawan masu kallo, bayan makonni 83 a jere yana shan kashi.

Wannan wasa na Boston ya kuma nuna ɗaya fuskar sana'ar. Michaels ya yi shi da karyayyen baya, bayansa ya shekara huɗu bai sake wasa a kamfanin ba. Austin kansa wuyansa ya riga ya samu rauni tun 1997, shi ya sa ya ajiye a 2003 yana ɗan shekara 38. A daren da ya ajiye, a Seattle, Brock Lesnar ya yi tsallen juyi daga saman igiya ya sauka a kan kansa, ya ƙarasa wasan cikin gushewar hankali. Owen Hart kuwa ya faɗo daga saman rufin fili a Kansas City a 1999, a wani wasan daban, ya rasu. Duk mai cewa ƙarya ce zalla, ya dubi jikin waɗannan mutane. Sakamako ne ake shiryawa, ƙasa ba ta san da shiri ba.

A Maris ɗin 2001 McMahon ya sayi WCW, mako guda da 'yan kwanaki kuma aka yi WrestleMania ta 17 a Houston, wadda da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyau. Ni ma ina cikinsu, sai dai ƙarshenta kuskure ne: an sa Austin ya haɗa hannu da McMahon, abokin gabansa, a jiharsa ta Texas, jama'a kuma suka ƙi tsanarsa. A 2002 a Toronto sai aka ga akasin haka. Hogan ya dawo a matsayin bos don ya kara da The Rock, fili kuma ya tashi da ihun goyon bayan tsohon, har dole 'yan wasan biyu suka sauya salon wasan a tsakiyarsa. A wannan shekarar ce sunan kamfani ya koma WWE daga WWF, bayan ya sha kaye a shari'a da ƙungiyar kare namun daji mai irin waɗannan haruffa. Ta ashirin, a 2004, ta ƙare da Chris Benoit da Eddie Guerrero suna rungume da juna, kowa da kambunsa. Guerrero ya rasu a 2005 da ciwon zuciya, Benoit kuma ya kashe matarsa da ɗansa ya kashe kansa a 2007. Kamfanin ba ya son nuna wannan hoton yanzu, amma yana cikin tarihin, kuma daga waɗannan mutuwoyi ne gwajin ƙwayoyi da kula da raunin ƙwaƙwalwa suka ƙara tsanani. A 2005 aka naɗa John Cena da Batista a dare ɗaya, sabon zamani ya fara.

Undertaker yana buƙatar magana ta daban. Ya ci Jimmy Snuka a 1991, ya ci gaba da ci ba tare da wani ya shirya abin a matsayin tarihi ba, sai daga baya aka lura ba a taɓa kayar da shi a WrestleMania ba. Daga nan jerin nasarorinsa ya zama kambu mai zaman kansa, wanda a wasu shekaru ya fi na ainihi daraja. Wasanninsa biyu da Michaels a 2009 da 2010 suna cikin mafi kyawun da aka taɓa yi. Ya kai 21 ba faɗuwa. Ranar 6 ga Afrilun 2014 a New Orleans Lesnar ya kayar da shi, filin da ke ɗauke da dubban mutane ya yi tsit. Na kalle shi kai tsaye da tsakar dare, kuma na daɗe ban ce uffan ba. Ra'ayina har yau shi ne da matashi mai tasowa aka ba wannan nasara, domin Lesnar ba ya buƙatarta.

A wannan daren ne kuma 'yan kallo suka yi naɗin da ya fi fitowa fili. Daniel Bryan ɗan ƙaramin jiki ne, kamfani ba ya ganinsa a matsayin fuskar gida, har an taɓa kayar da shi cikin daƙiƙa 18 a WrestleMania ta 2012. A Royal Rumble na 2014 ba a ma sa shi ba, aka ba Batista. Jama'a suka yi ta ihun ƙi, mako bayan mako suna ɗaga hannu suna kiran kalmarsa guda, "Yes", har aka sauya shiri. Bryan ya doke Triple H a wasan farko, ya doke Randy Orton da Batista a na ƙarshe.

Shekara biyar bayan haka abin ya maimaita kansa da ɗan Afirka. Kofi Kingston haifaffen Kumasi ne a Ghana, kodayake a farkon zuwansa an sa shi ya riƙa cewa shi ɗan Jamaika ne. Ya shekara 11 a kamfanin ba a taɓa ba shi damar neman babban kambu shi kaɗai ba. A Fabrairun 2019 Mustafa Ali ya ji rauni, aka sa Kofi ya cike gurbi, ya yi sama da awa guda yana karawa da mutum bayan mutum, jama'a suka ce shi suke so. Ranar 7 ga Afrilu, a New Jersey, ya karɓi kambun WWE daga hannun Daniel Bryan ɗin nan, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe shi. Ya kai kambun Ghana, ya gana da shugaban ƙasar na lokacin, Akufo-Addo, da Asantehene, sarkin Ashanti. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aka ƙwace shi a watan Oktoba, Lesnar ya kayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa goma, bai kuma sake riƙe shi ba. A daren nasarar Kofi ne mata suka rufe taron a karon farko, Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair. A 2021 a Tampa, Bianca Belair da Sasha Banks suka zama baƙaƙen mata biyu na farko da suka yi babban wasan dare. A wannan shekarar Omos, haifaffen Legas, ya yi wasansa na farko ya ci kambun biyu-biyu tare da AJ Styles, Apollo Crews kuma, wanda mahaifinsa ɗan Binuwai ne, ya ci kambun Intercontinental.

Ba kullum kamfani ke saurare ba. Daga 2015 zuwa 2018 Roman Reigns ya rufe WrestleMania sau huɗu a jere a matsayin akta, jama'a suna yi masa ihun ƙi, aka toshe kunne. Sai a 2020 aka bar shi ya zama bos, kuma a nan ne ya zama gwani na gaske. Ya riƙe kambu kwana 1,316. Wanda ya karɓe shi a Philadelphia a Afrilun 2024 shi ne Cody Rhodes, ɗan Dusty Rhodes na Starrcade. Dusty ya taɓa doke zakaran kamfanin a Madison Square Garden a 1977 ta hanyar ƙirga a wajen dandamali, wanda bisa ƙa'ida ba ya sauya kambu, ya kuma rasu a 2015 bai taɓa riƙe shi ba. Ko a nan sai da aka so a janye Cody a sa The Rock a gurbinsa, 'yan kallo suka tada ƙura a filaye da intanet, aka mayar da shi. A 2025 a Las Vegas Cena ya karɓa daga Cody, kambun duniya na 17, ya wuce adadin da ake ƙirga wa Ric Flair.

Kuɗin ma yana da nasa tarihin. Daga manyan alluna aka koma biya-ka-kalla a gida, a 2014 kamfani ya buɗe tasharsa ta intanet a kan dala 9.99 a wata, daga baya ya riƙa sayar da haƙƙin nunawa ga manyan kafofi irin su Peacock da Netflix. Tun 2007 a manyan filayen ƙwallo ake yin ta, in ban da 2020 da korona ta sa aka yi ta ba ɗan kallo ko ɗaya a ɗakin atisaye na Orlando. Daga wannan shekarar ta koma dare biyu, ta kuma zauna a haka. Yanzu birane ne ke neman a kawo musu ita, saboda baƙin da ke cika otal-otal mako guda. Washegarin ta 2023 aka sanar da haɗe WWE da UFC, kamfanin faɗan gaske na cikin keji, a ƙarƙashin kamfanin Endeavor, a Janairun 2024 kuma McMahon ya sauka bayan wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar da ƙara tana zarginsa da cin zarafi, zargin da ya musanta. Surukinsa Triple H ne ke tsara labarai yanzu.

Damuwata a nan take. Ƙarfin 'yan kallo ya samo asali ne daga cewa kuɗin tikiti da na kallo daga aljihunsu yake fitowa. Yau kaso mai yawa na kuɗin yana zuwa ne daga kwangilar kafofin watsa labarai da gwamnatocin birane tun kafin a sayar da kujera ɗaya, tikitin kuma ya yi tsadar da talakan da ya yi wa Austin da Bryan ihu ba zai iya saye ba. A Satumban 2025 aka sanar da cewa ta 43 za a yi ta a Riyad a 2027, karo na farko a wajen Amurka da Kanada. Babbar yarjejeniyar kamfanin da Saudiyya ta fara aiki ne da babban wasan Jidda a Afrilun 2018, wanda ba a bar mata sun yi wasa a cikinsa ba, sai a Oktoban 2019 aka yi wasan mata na farko a Riyad. Mu da muka saba zama daga sha biyun dare har gab da kiran assalatu don mu kalle ta, wannan karon lokaci zai zo mana da sauƙi, tunda awa biyu kacal Riyad ta riga Kano da Yamai. Abin da zan zuba wa ido a daren shi ne ko fili zai iya ƙin wanda aka naɗa, kuma in ya ƙi, ko akwai wanda zai saurara.